Golf 3 Da Zafin Inji: Tace Gaskiya Daga Maganganun Tasha

Duk mai bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori, ko mai zuwa cin kasuwar Dandume, ya san cewa Golf 3 ce jakin wannan yanki. Ita ke kwasar fasinja, ita ke ɗauko masara da waken suya daga ƙauyuka, ita ke fito da tumatirin Danja bakin titi. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya ƙera ta daga 1991 zuwa 1997, mai dogon bayan kuma har 1999, don haka mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Ba abin mamaki ba ne a riƙa ganin ta gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi, fasinja sun nemi inuwa. Abin da ke damuna shi ne bayanin da ake yi wa direba a gareji da tasha game da dalilin hakan. Wasu bayanan gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa su ne ke kai injin ga bugawa, kuma talakan da ya ci bashi ya sayi motar shi ke biyan kuɗin.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce ta tamostat. Za ka ji an ce: "Wannan na ƙasar sanyi ne, Turawa sun sa shi ne saboda ƙanƙara, a nan sai dai ya dafa maka inji." Sau da yawa ranar da mota ta fara shiga gareji ake zare shi a jefar. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma in mutum ya ga yadda abin ke aiki zai gane da kansa.

Tamostat ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, yana zaune a mashigar ruwa tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Da safe, inji na sanyi, yana rufe, ruwa na zagayawa cikin inji kaɗai domin ya yi saurin ɗumi. Idan zafin ruwan ya kai wajen digiri 87 sai kakin ya tura ƙofar ta fara buɗewa, ruwa ya wuce lagireto ya huce. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, a Jamus yake ko a Kafur. Zafin watan Afrilu da ke hana mu barci yana kai wa digiri 40 ne ko kusa da haka, bai kai rabin zafin da injin yake nema ba. Idan rana ta take kuma mota na tafe da lodi, lafiyayyen tamostat a buɗe yake, ba ya tare komai.

To me cire shi ke jawowa? Inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu da lokacin damina. Ƙwaƙwalwar motar tana auna zafin ruwa. Muddin ta ji sanyi, za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yanzu aka tayar. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran. Ringi na ci, filogi na yin baƙi, mota na shan mai, a lokacin da kowace lita ke ciwo tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: a irin wannan inji tamostat na da faifai na biyu a gindinsa, wanda idan ya buɗe hanyar lagireto yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji kai tsaye. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa juyawa bai taɓa leƙa lagireto ba. Wato wanda ya cire shi don gudun zafi yana iya samun zafin a hawa da lodi.

Amma bakaniken da ya fara wannan al'ada ba daga sama ya ɗauko ta ba, kuma ya kamata a yi masa adalci. Tamostat na tsufa, tsatsa na kama shi ya maƙale a rufe, kuma idan hakan ta faru allurar zafi kan haye cikin ƴan mintuna. Wanda abin ya same shi a tsakiyar daji, nesa da gari, ga yamma ta yi, a yankin da kowa ya san halin tsaron hanyoyinsa, daidai ne ya zare shi ya ƙarasa gida. Kuskuren shi ne a bar motar haka shekara da shekaru. Gwajinsa kuwa ba ya buƙatar na'ura: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa za a ga bakinsa ya buɗe, in an tsamo shi ya huce ya koma ya rufe. Wanda bai motsa ba ya mutu, a sayi wani.

Ƙanwar wannan magana ita ce haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa daga murɗa makulli har kashewa. Fankar Golf 3 ta lantarki ce, akwai ɗan makunni a jikin lagireto da ke tayar da ita idan ruwa ya kai wajen digiri 95. A kan titi, mota na gudu, iskar da ke shigowa ta gaba ta wadatar. Fankar da ba ta hutawa tana ƙonewa da wuri, tana gajiyar da batir, kuma ranar da ta mutu babu wanda zai lura sai tururi ya fito. Makunnin ne ke lalacewa, shi ya kamata a canza.

In ba tamostat ba ne, me ke sa zafin? A nan ne nake ganin ya kamata direba ya zuba ido, domin dalilan a fili suke, kuma yawancinsu na wurinmu ne. A leƙa gaban lagireton motar da ta yi kaka tana shiga gonaki: ƙaiƙayin masara da na dawa, zaren auduga, fuka-fukan ƙwari da jar ƙasa sun liƙe ramukan da iska ke bi. Ta ciki kuma ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa kullum sun bar farin gishiri da tsatsa a ƙananan bututun. Murfin tulun ruwa da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Da lafiyayyen murfi ruwan kan haura digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta mutu, ko aka maye gurbinsa da leda da tsumma, ruwa zai riƙa tsiyaya yana ƙafewa. Sannan Golf 3 na da rauni nata na asali wanda ko a Turai an san ta da shi: mahaɗan ruwa na roba da ke jikin kan silinda suna bushewa su tsage da tsufa, ruwa ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan ba a gani.

Daga nan ake shiga maganar ruwan lagireto mai launi, wanda wasu ke cewa shi ma na ƙasar ƙanƙara ne. Gaskiya ne yana hana daskarewa, kuma mu ba mu da wannan matsala. Sai dai yana da aiki na biyu da ya shafe mu kai tsaye: hana tsatsa. Gangar wannan inji ta baƙin ƙarfe ce, kan silindar kuma na alminiyam, ruwa tsura yana cin su duka biyun, ya ci famfon ruwa, ya ci gefen gaskit. Jan ruwan da ke fitowa idan aka kwance tiyo, naman injin ne ke fita. Zuba garin barkono ko ƙwai don toshe yoyo na iya tsayar da ɗigon na ɗan lokaci, amma bututun lagireton ma yana toshewa tare. Game da kwara ruwan sanyi cikin injin da ya riga ya tafasa, masu hanawa su ke da gaskiya: alminiyam mai zafi na iya lanƙwashewa ko tsagewa, kuma buɗe murfi a wannan hali ya ƙona hannaye da fuskoki da yawa. A kashe, a jira ya huce.

Akwai masu cewa Golf ba ta jin lodi. Tana ji. Abin da kamfani ya yarda ta ɗauka, da mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce wajen kilo 500 ba. Buhun masara kilo 100 ne. Direba da buhu huɗu sun kusa cike ma'aunin. Wadda ta taso daga Dandume da buhu takwas, da mutum biyu a kujerar gaba, da wani a but, tana jan ninkin abin da aka yi ta dominsa. Ƙarin sifirin da ake yi mata a baya yana ɗaga jiki ne kawai, bai ƙara wa inji ko kuloci ko birki komai ba. Na san direba ba don son ransa yake yin haka ba. Kuɗin mai, kuɗin tasha da balas ɗin mai mota ke tura shi. Amma ya sani cewa ribar buhunan ƙarin tana tafiya wajen gaskit da ringi.

Batun baƙin mai yana da gaskiya a ciki fiye da yadda wasu masu ilimin zamani ke yarda. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da tsohon inji irin wannan a ƙasa mai zafi, ba laifi ba ne. Inda aka kauce shi ne auna kyan mai da yatsa, a ce wanda ya fi danƙo ya fi kyau, har a sayi na kwalba da ba a san asalinsa ba, ko a haɗa da man giya don a ɓoye hayaƙi. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama jabun man inji a kasuwannin ƙasar nan, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Haka kuma yin baƙi da wuri ba shi ke nuna mai ba shi da kyau ba, alama ce yana kwasar datti. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙararrawar mai. Volkswagen ta sa wa motar fitila da ƙara masu gargaɗi idan ƙarfin mai ya faɗi. Idan ta dami direba, sai a ce "waya ce kawai", a cire ta. Wani lokacin wayar ce ko makunnin, gaskiya ne. Wani lokacin kuma famfon mai ne ya gaji ko matatarsa ta toshe, kuma tsakanin wannan ƙara da bugawar inji tafiya kaɗan ce. A sa ma'auni a gwada kafin a yanke hukunci.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta da mai kare ta. Matatar iskar da ta yage, ko aka cire don wai mota ta "numfasa", tana barin yashi mai laushi ya shiga silinda ya goge ringi. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa injin da aka sa bara ya fara hayaƙi bana.

Shin gurɓataccen fetur na kashe inji? Yana yi, kuma ya taɓa faruwa a idon kowa. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga tashar Antwerp ta Beljiyam, aka janye shi, dogayen layuka suka biyo baya, masu motoci da dama suka koka. Na jarkar ƴan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko datti. Sai dai ba kowace shaƙewa ce laifin gidan mai ba. Famfon fetur na Golf 3 a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Yawo kullum da lita biyu ko uku yana ƙona shi. Koyil ma sanannen rauni ne a wannan mota: ta yi zafi ta mutu, ta huce ta tashi. Sau da yawa irin waɗannan ne, ko ɗan ma'aunin zafin ruwa, ke sa a yanke cewa injekta "ba ta son man Najeriya", a cire ta a ɗora kafireto. Motar za ta tashi, kuma kowane bakanike zai iya taɓa ta, wannan fa'ida ce ta gaske a ƙauye. Amma kafireto ba ta auna mai daidai kamar injekta mai lafiya, bambancin kuma a aljihun direba yake fita.

Saura maganar injin Beljiyam, da ake kira "kamar sabo". Injin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna daga jikin motar da ta gama aikinta a Turai aka ciro shi, shekarunsa ɗaya da wanda za a sauke. Yana iya fin na gida lafiya don bai sha ƙura da lodi ba, yana kuma iya zama gajiyayye da aka wanke da fetur ya yi ƙyalli. A buɗe murfin mai a duba ko akwai farin kumfa mai nuna ruwa ya haɗu da mai, a kwance filogi a ga launinsu, a nemi sharaɗin mayarwa in ya yi hayaƙi. A sa masa sabon bel na taimin kafin a ɗora shi, domin babu wanda ya san shekarun na jikinsa. A injin dizal tsinkewar wannan bel na lanƙwasa bawul.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da na direbobi ta NURTW a Funtua, Bakori, Malumfashi da Kafur shi ne su ɗauki maganar tamostat da murfin ruwa da ƙararrawar mai su kai ta gaban iyayen gidan gareji, domin abin da maigida ya yi shi yaransa za su yi shekara 30 masu zuwa. Kai kuma direba, idan an ce za a cire wani abu daga injinka a jefar, ka tambayi aikin da yake yi, ka ce a gwada shi a gabanka tukuna.