Ko gishiri zai iya raba fetur da farar wuta?

Hayaƙin babura da Keke Napep da ke turnuƙe hanyar Samaru zuwa Sabon Gari a Zariya yana ɗauke da iskar da ke fita idan farar wuta, wato salfa, ta ƙone a cikin fetur. Likitoci sun ce wannan iska tana tayar da ciwon asma, tana kuma lahanta huhu.

Tun shekarar 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada salfa ta wuce kashi 10 cikin miliyan a man mota. A shekarar 2020 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan.

Matatun mai dai kan cire salfar ne ta hanyar gasa man da iskar haidurojin a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 400. Hanyar tana da tsada, tana kuma rage ƙarfin fetur.

Wannan ne ya sa masana suka karkata ga wani nau'in gishiri da ba ya daskarewa ko da babu ruwa a cikinsa, wanda masani Paul Walden ya bayyana irinsa a shekarar 1914.

Idan aka kaɗa shi da fetur ba sa gaurayuwa, tamkar mai da ruwa. Sai sinadaran salfa su bar man su koma cikin gishirin. Da zarar sun kwanta sai a tsiyaye man, a wanke gishirin a sake amfani da shi, duk ba tare da zafi mai yawa ba. Masu bincike a Jamus sun gwada dabarar a kan man dizal a shekarar 2001.

Sai dai kuma gishirin yana da tsada, sai an maimaita wankin sau da dama, sannan yakan tafi da wasu sinadarai masu amfani a fetur. Shi ya sa har yanzu matatu ba su rungumi hanyar ba.

Samo gishiri mai araha aiki ne na irin cibiyoyin da Zariya ke da su, wato sashen injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da cibiyar NARICT da ke Basawa. Dama masu bincike a jami'ar sun taɓa sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara zuwa sinadarin da ake amfani da shi wajen tace mai.