Ibn Haldun da maganar lanho

A Korahane, cikin gundumar Dakwaro, duk sa'ad da mai karɓar kuɗin kasuwa ya ratsa rumfuna da tikiti a hannu, gardama guda ce ke tashi. Ɗan kasuwa ya ce an matsa masa, ma'aikaci ya ce addu'a ba ta cika baitulmali. Gardamar nan ta girmi ƙasar Nijar, domin wani malami ya yi mata nazari tun shekaru fiye da 600 da suka shige.

Malamin shi ne Abdurrahman Ibn Haldun. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ba daga nesa ya san mulki ba: ya yi magatakarda a fadar Fas, ya sha kurkuku a can, daga baya ya yi alƙalanci a Masar, ana tuɓe shi ana mayar da shi. Ya keɓe kansa a wata ganuwa cikin Aljeriya ta yau, inda a 1377 ya rubuta littafinsa Muƙaddima.

Ga abin da ya lura. Sabuwar daula haraji kaɗan take azawa, amma ta tara mai yawa, don manomi da falke suna ganin amfanin guminsu, sai su ƙara himma. Da fada ta saba da daɗi, sai a ƙara lanho, a ƙirƙiro kuɗin ƙofa da na kasuwa. Talaka ya auna abin da zai rage masa, ya naɗe hannu. Kuɗin shiga ya ragu, a sake ƙari. Mafi muni a ganinsa, sarki ya shiga fatauci da kansa, don babu mai iya tayawa inda sarki ya taya.

Wannan rabin maganar na yi wa ƴan kasuwa daɗi, har shugaban Amurka Reagan ya kafa hujja da shi a 1981. Ɗaya rabin ne ba a cika faɗa ba. Ibn Haldun ya ɗauki gwamnati a matsayin uwar kasuwanni: idan ta riƙe albashi, ma'aikaci ba ya saye, ciniki ya mutu, haraji ya bi shi.

Ƴan Nijar sun ɗanɗana wannan a shekarun 1990, lokacin da malamin lakwal da ma'aikacin asibiti ke share watanni ba albashi. Daga Maraɗi har Dakwaro, littafin bashin mai kanti ne ya fara cika.