Kwamfutarka Ba Ta Kama Wi-Fi? Ga Yadda Ake Sa Mata Kati

Ɗalibai da yawa suna samun kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu domin atisayen jarrabawar JAMB, amma da an kunna sai a ga ba ta kama Wi-Fi. Kada ka yi saurin yanke ƙauna. Sau da yawa ɗan katin da ke cikinta ne ya lalace, ko kuma an cire shi.

Katin bai fi kwalin ashana girma ba, kuma iri biyu ne. Tsofaffin kwamfutoci suna amfani da Mini PCIe, sababbi kuma M.2. Gurbin wannan ba ya ɗaukar wancan, don haka duba naka kafin ka saya. Wasu tsofaffin samfuran HP da Lenovo ma ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfanin ya amince da shi.

Kafin ka fara, nemi izinin mai kwamfutar. Kashe ta, ka cire caja da batir, sannan ka taɓa ƙarfe don sauke ɓoyayyiyar lantarkin jikinka. Kwance murfin ƙasa, zura katin a karkace, danna shi ya kwanta, ka ɗaure da noti. Za ka ga siraran wayoyin eriya biyu, yawanci baƙa da fara, da suka taho daga bayan allo. Maƙala su a hankali, domin kawunansu na saurin karyewa.

Bayan ka kunna, saka manhajar katin. Idan buɗewar ta ba ka tsoro, kai wa mai gyara, ko ka sayi na USB da ake sokawa daga waje.