Sayen kwamfutar tafi-da-gidanka: a auna aljihu, a auna aiki, a auna hanya

A gundumomin Tasawa da Mayahi, kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinatar, ta daina zama kayan burga. Sakataren magajin gari a Korgom ko Kanambakashe da ita yake tsara kasafin kuɗi. Mai duba makarantu da ita yake rubuta rahoto in ya dawo daga rangadi. Ɗan kasuwar da ke tara wake da riɗi da aya bayan kaka, a cikinta yake ajiye lissafin buhuna da sunayen masu bashi. Amma fa kuɗinta ba na wasa ba ne. Tun 1999 kuɗin Turai yuro ɗaya sefa 655,957 yake, saboda haka na'urar da ake sayarwa yuro 500 a Faransa ta tasam ma jika 328 tun ba a sa kuɗin jigila da na duwan da ribar mai kanti ba. Wannan ya kusa albashi mafi ƙanƙanta na wata takwas, wanda aka mayar jika 42 a farkon 2024. Wanda zai fidda irin waɗannan kuɗi ya kamata ya tsaya ya yi awo.

Abubuwa uku mai saye kan nema: araha, ƙarfin aiki, da rashin nauyi. Abin da masu tallace-tallace ba su cika faɗi ba shi ne, da wuya ukun su haɗu a na'ura guda. Mai ƙarfi marar nauyi tsada gare ta. Mai araha marar nauyi rarrauna ce. Mai ƙarfi da sauƙin kuɗi kuwa sai an haƙura da kaurinta. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Saboda haka tambayar da ke gaban mai saye ita ce: wanne daga cikin ukun zai saki?

Maganar nauyi

A 1981, Osborne 1, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da ake iya ɗauka a hannu, ta kusa kilo 11. A 2008 kamfanin Apple ya fiddo MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Tun daga nan masana'antu suka shiga tseren siranta. A yau mai allon inci 13 ko 14 takan kama daga kilo 1,2 zuwa 1,5, mai inci 15 kuwa takan doshi kilo 2.

Bambancin rabin kilo ne ko ɗan fiye. Ga mai yini a filayen jirgin sama na Turai abu ne babba. Ga wanda ke goya jaka a moto daga Mayahi zuwa Isawan ko Cake, ƙwari ya fi wannan rabin kilon muhimmanci. Domin a rage kauri, masu ƙira kan like ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, a jikin babban allon na'urar, ta yadda ba ta cirewa kuma ba a ƙara mata. Sukan rage kafofin jona kaya, har mutum ya rasa inda zai sa tsohuwar na'urar buga takardu ta biro sai ya sayi mahaɗi. In aka haɗa caja da mahaɗi a jaka, sai a tarar nauyin da aka guda ya dawo.

Maganar ƙarfi

Yawancin aikin da ake yi a nan na rubutu ne da lissafi: Word, Excel, aika saƙo, da taro ta intanet jefi-jefi. Wannan aiki ba ya buƙatar na'urar masu haɗa fim. Inji mai matsakaicin ƙarfi, irin Intel Core i5 ko AMD Ryzen 5, ya wadatar har da rara. Ƙwaƙwalwar aiki kada ta gaza giga 8. In kuwa irin wadda aka like ce, gara a nemi giga 16 tun farko, tunda ba damar ƙari daga baya. Rumbun ajiya ya zama SSD na giga 256 ko fiye, domin ba shi da faifai mai juyawa da girgizar hanyar jar ƙasa za ta lalata.

Akwai na'urori sababbi fil, masu kyan gani da sauƙin kuɗi, waɗanda ke ɗauke da injin Celeron da giga 4 da ɗan rumbu na giga 64. Irin waɗannan kyan ɗan maciji gare su. Wata kaɗan rumbun ya cika, buɗe takarda guda ya zama zaman jira. Haka nan Chromebook: an gina ta ne don mai intanet a kowane lokaci, alhali a karkara layin Airtel ko Moov ko Zamani yakan zo ya tafi.

Wajibi ne kuma a duba manhajar da ke ciki. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba ta amincewa da yawancin injunan Intel da suka girmi zubi na takwas. Duk na'urar da aka ce sabuwa ce amma ba ta ɗaukar Windows 11, to ta daɗe a sito, ko kuwa kwance ce aka goge aka sa a kwali.

Wuta, zafi da ƙura

Anan ne awon mutumin Tasawa ya sha bamban da na mutumin Paris. Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi da Damagaram, wani babban kaso nata daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai a Maris 2024. A waɗannan watanni an gane cewa kwamfutar da batirinta ba ya riƙo tamkar ta girke ce. Ƙauyuka da yawa kuma har yau da hasken rana suke caji.

Saboda haka a tambayi girman batir. Ana auna shi da Wh, kuma wanda ya kai 50 ko ya zarce shi ne abin nema. Awowin da ake rubutawa a kwali an gwada su ne a ɗaki mai sanyi da allo mai dishi-dishi, ba za su cika ba a aikin yau da kullum. Na'urar da ke caji ta kafar USB-C ta fi dacewa, domin ana iya ɗura mata wuta daga babban batirin ajiya na hannu, kuma cajarta ba ta wuyar samu.

Zafi ma abin lura ne. Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 da 35, alhali a Afrilu da Mayu zafin nan yakan haura 40. Sirirriyar na'ura ba ta da sararin shan iska, in ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, batirin kuma ya tsufa da wuri. Da hunturu ƙura kan toshe kafofin iska. Mai ɗan kauri, wadda ake kwance bayanta da sukurdireba a share, ita ce mai tsawon rai a nan.

Inda za a saya

Kano da Katsina ba nisa, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa kayan can sun ƙara jan hankalin mai riƙe da sefa. Sai dai kwamfutocin Najeriya da jerin haruffan Ingilishi suke zuwa, wato QWERTY, ba su da maɓallan é da è da ç waɗanda wasiƙar gwamnati ba ta yiwuwa sai da su. Ana iya sauya tsarin a cikin manhaja, amma abin da ke rubuce a kan maɓalli ba zai dace da abin da ke fitowa ba. Ma'aikacin da ke rubutu da Faransanci ya nemi AZERTY. Kan cajar ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai an nemi mahaɗi. Mai yawan lissafi kuwa ya sani cewa maɓallan lambobi na gefe galibi a masu inci 15 ake samunsu.

Kada a yi cinikin biri a sama. A buɗe kwali a gaban mai kanti, a kunna, a shiga cikin bayanan na'urar a ga inji da ƙwaƙwalwa da rumbu sun yi daidai da abin da aka faɗa. A karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar na'urar da wa'adin garanti. Kafin a biya ma, yana da kyau a zaga wurin masu gyara a Maraɗi ko Damagaram a ji wane iri ne ake samun batirinsa da allonsa da cajarsa. HP, Dell da Lenovo su suka fi yawa a hannun jama'a, kayan gyaransu ma haka. Na'urar da sai an aika Yamai ko Kano kafin a sauya mata allo, mako nawa aiki zai tsaya?

Daga ƙarshe, ma'aikacin da ke yawan fita karkara ya nemi mai inci 14, mai batir mai riƙo da jiki mai ƙwari. Ɗan kasuwar da ke zaune a shago ya ɗauki mai inci 15, ya sa rarar kuɗin a batirin ajiya da jaka mai hana ƙura. Cikin ukun nan da aka lissafa, siranta ce ta fi cancanta a saki. Ko wacce aka saya kuma, a riƙa kwafe lissafi da takardu a wani rumbu na dabam, domin na'ura in ta mutu ana sayen wata, amma littafin bashi in ya ɓace ba kasuwar da ake samunsa.