Idan Ƙeya Ta Yi Shara-shara Bayan Dashen Gashi

Mai sanƙo zai je Istanbul dashen gashi, ya dawo goshi cike, amma wanzamin Kujama na yin aski sai ga ƙeya ta yi shara-shara. Saiwar gashin da aka cire daga ƙeya aka dasa a goshi ba ta sake tsirowa a wurin, domin ƙeya rumbu ce mai iyaka. Wasu za su ce minoxidil zai cike gurbin. Maganin yana iya ƙara wa gashin da ya rage kauri, amma ba ya haifar da sabuwar saiwa. Gashin da ya zube saboda wahalar tiyata kuwa yakan dawo cikin watanni, don haka gaggawar sake dashe kuskure ne. A jira shekara guda, a bar gashin ya ɗan yi tsawo, sannan a ga likitan fata.