BABI NA UKU: ILIMI DA KOYON SANA'A A GIDAN YARI DA MATSAYINSU WAJEN SAKIN FURSUNA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan dangantakar da ke tsakanin ilimin da fursuna ya samu a gidan yari da lokacin da za a sake shi. Za a duba hanyoyin da doka ta tanada na rage wa'adin ɗauri, sannan a auna su da rayuwar matasan yankin noman rani na Garun Malam da Kura da Bunkure a Jihar Kano.

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin cewa fursuna zai iya rage wa kansa kwanaki da guminsa ya daɗe. A shekarar 1840 wani Bature mai suna Alexander Maconochie ya ɓullo da tsarin ba da maki ga fursunonin tsibirin Norfolk, gabas da Ostareliya. Duk wanda ya yi aiki kuma ya nuna ɗa'a sai a rubuta masa maki, idan makin ya cika sai ya sami 'yanci.

A ƙasar Hausa kuwa, gidajen yari sun daɗe a hannun En'e, kuma aikin ƙarfi aka fi sa fursuna. A shekarar 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe su, aka yi musu doka a 1972. Dokar 2019 ce ta maye gurbinta, ta kuma sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali.

3.2 Hanyoyin Sakin Fursuna Kafin Cikar Wa'adi

Akwai hanyoyi uku da fursuna kan fita kafin wa'adinsa ya cika:

(i) Ragin wa'adi. Wannan shi ne yafe kashi ɗaya cikin uku na ɗauri saboda kyawun hali. Shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Wanda aka yanke wa shekara 3 zai yi 2 ke nan, muddin bai yi laifin da zai sa a soke masa ragin ba.

(ii) Afuwa. Sashe na 175 da na 212 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba shugaban ƙasa da gwamna ikon yi wa fursuna afuwa.

(iii) Sakin talala. Wannan shi ne a saki fursuna ya ƙarasa wa'adinsa a cikin jama'a bisa wasu sharuɗɗa, kamar yadda akan ɗaure dabba da doguwar igiya ta yi kiwo. Sashe na 468 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ya ce kotu na iya yin haka idan shugaban hukumar gidajen yari ya shaidi fursuna da halin kirki, kuma ya riga ya yi sulusin wa'adinsa a ɗaurin da ya kai shekara 15 ko na rai da rai.

3.3 Matsayin Ilimi da Sana'a

Sashe na 14 na dokar 2019 ya wajabta wa hukuma ta samar wa fursunoni ilimi da sana'a da dabarun noma da kiwo na zamani. Haka kuma ya tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya gyaru, ya hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci. A aikace akan koyar da ɗinki da kafinta da walda da aikin takalma, wasu kuma kan zauna jarrabawar NECO. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ta buɗe cibiyoyi a gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje, har shirin ya sami lambar yabo ta UNESCO a 2018.

Sai dai idan aka lura, babu ɗaya daga cikin hanyoyi ukun nan da ta ƙayyade kwanakin da karatu zai rage wa mutum. Wanda ya ƙware a walda da wanda ya zauna kawai bai yi faɗa da gandiroba ba, ragi ɗaya za su samu. Iyakar amfanin karatun shi ne ya zama hujjar gyaruwa a gaban masu duba batun afuwa ko talala.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya daban. A Barazil, dokar 2011 ta ce kowace awa 12 ta karatu tana rage kwana 1, haka ma kowane kwana 3 na aiki. Wanda ya yi awa 360 a aji ya rage wata guda ke nan. A Amurka ma dokar 2018 tana ba fursunonin tarayya da suka cancanta kwana 10 a kan kowane kwana 30 da suka yi a shirin gyaran hali. Hikimar ita ce fursuna ya san abin da zai girba tun ranar da ya shuka.

3.4 Yankin Garun Malam

Tattalin arzikin wannan yanki ya dogara ne a kan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ruwan na bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ga kuma kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Idan aka auna tanadin doka da rayuwar saurayin da ya fito daga nan aka tsare shi a Kurmawa ko Goron Dutse, za a ga matsaloli uku.

Na farko, ƙananan laifuffuka irin su sata da faɗa ɗaurinsu na watanni ne ko 'yan shekaru, don haka sakin talala bai shafi mai irin wannan ɗauri ba ko kusa. Na biyu, kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya zaman wakafi suke yi, wanda ba a yanke wa hukunci ba kuwa ba shi da wa'adin da za a rage masa. Na uku, sana'o'in da aka fi koyarwa na birni ne, alhali abin da ke jiransa a gida shi ne renon iri da ban ruwa da gyaran injin ban ruwa. Gonakin hukumar kuwa, irin na Birnin Kudu da Kujama, ba kowa ake kaiwa ba.

Bugu da ƙari, kwanaki na da tsada ga manomin rani. Ana shuka alkama ne daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda aka saka a Oktoba zai sami shuka, wanda ya kai Janairu kuwa ta wuce shi. Saurayin da ya dawo babu gona babu jari, ga tsangwamar jama'a, ba wuya ya koma 'yar gidan jiya.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa doka ta wajabta koyarwa, amma ba ta ɗaura ta da ranar saki ba. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, saboda haka Jihar Kano na da damar yin dokar da za ta ƙayyade ragi ga wanda ya yi karatu, ta kuma sanya noman rani cikin sana'o'in da ake koyarwa. Babi na huɗu zai duba yadda jama'ar yankin ke karɓar wanda ya dawo daga gidan yari.