Man Makadamiya da Amfaninsa ga Jiki

 Ina so in ɗan yi bayani a kan wani mai da ake kira man makadamiya, wanda na tabbata da yawa daga cikinmu ba su taɓa ko jin sunansa ba. Ni ma ban san da shi ba sai a dogon hutun da ya wuce, kuma ga yadda abin ya faru.

Ana gab da ba mu hutu likita ya auna jinin Babanmu, ya ce kitse ya yi yawa a ciki, ya umurce shi da ya rage man shanu da kitsen nama. Wannan magana ta yi wa Baba nauyi, domin shi mutum ne da ba ya jin daɗin tuwo sai ya ga man shanu yana yawo a kan miya. Ana cikin haka sai ga Kawunmu, ƙanen Inna, wanda ke fatauci a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, ya zo ganin gida. Cikin tsarabarsa akwai wata 'yar kwalbar mai, da kuma ƙullin wasu 'ya'yan itace masu kama da gujiya, sai dai ɓawonsu ruwan ƙasa ne, sumul. Ƙanena ya jefa ɗaya a baki zai fasa, saura kaɗan ya bar haƙorinsa a wurin. Sai da aka ɗauko guduma.

Kawu ya ce, "Alhaji, wannan shi ne man da masu ciwon zuciya ke nema a can." Baba ya ce in haka ne a riƙa aiko masa kowane wata. Da Kawu ya faɗi kuɗin kwalbar, sai Inna ta riƙe baki ta ce, "Malam, ai wannan kuɗin ya ishe mu man gyaɗa har a ga sabon wata." Baba ya dube ni ya ce, "To, 'yar boko, in kin koma makaranta ki binciko mana, mu ji ko ya cancanci kuɗinsa." Da na dawo na tambayi malamar tattalin gida da malamin kimiyya, na kuma leƙa laburare. Abin da na samo shi ne zan kawo muku.

Asalin itacen makadamiya daga dazuzzukan gabashin ƙasar Ostareliya ne, inda ruwan sama ke da yawa. Mutanen ƙasar na asali sun daɗe suna cin 'ya'yansa tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1857 wani masanin tsirrai mai suna Ferdinand von Mueller ya raɗa wa itacen wannan suna, don girmama abokinsa John Macadam. Daga baya, a farkon shekarun 1880, aka kai irinsa tsibirin Hawayi, kuma a can ne aka fara nomansa gadan-gadan don sayarwa. A yau Afirka ta Kudu da Sin da Ostareliya da Kenya su ne manyan masu nomansa. A Kenya ana samunsa a tuddai masu sanyi, kamar yankunan Embu da Meru da Murang'a.

Dalilin tsadarsa kuwa a fili yake. Gyaɗa ana shuka ta da damina, a cire da kaka. Shi kuwa wannan itace sai ya yi shekaru kafin ya soma 'ya'ya. In sun nuna sai su faɗo ƙasa, a tsince, a cire koren bayansu, a busar, sa'an nan a sa injin ya fasa ɓawon nan mai taurin tsiya. Bayan duk wannan wahala, ƙwayar da ke ciki ba ta wuce kamar sulusin nauyin ɗan ba. Amma ƙwayar cike take da mai. A cikin giram 100 nata, wajen giram 75 mai ne, alhali ita gyaɗa rabinta ne ko ƙasa da haka.

Yanzu bari mu zo kan amfaninsa. Malamin kimiyya ya ce kafin in fahimci wannan sai na san cewa kitse iri uku ne. Ya kwatanta mini da motar haya. Akwai kitsen da ya yi kama da motar da ta cika maƙil, babu sauran kujera, watau cikakken kitse. Shi ne ya fi yawa a man shanu da kitsen nama, kuma shi ya sa suke daskarewa da hunturu. Akwai mai kujera ɗaya da babu kowa, watau mai gurbi ɗaya. Akwai kuma mai gurbi da yawa. Waɗannan biyun na ƙarshe ruwa-ruwa suke. In cikakken kitse ya yi yawa a abinci, yakan ƙara wani abu a jini da ake kira kolestarol, irin marar kyau, wanda ke taruwa a jikin jijiyoyin jini kamar yadda dauɗa ke toshe magudanar ruwa. Daga nan ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kan samo hanya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada cikakken kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini.

To, a nan ne man makadamiya ya ciri tuta. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne mai gurbi ɗaya, har ya ɗan fi man zaitun. Mafi yawansa sinadarin da ake kira oleyik ne. Yana kuma da wani, falmitoleyik, wajen kashi ɗaya cikin biyar, wanda ba a cika samunsa da yawa haka a sauran mayukan girki ba. Wanda ya bar man shanu ya koma irin wannan mai, mugun kolestarol ɗinsa kan ragu. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakiti cewa cin kimanin giram 42 na ƙwayar makadamiya a yini na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Amma ta ce hujjar ba ta kai yankan shakku ba, kuma da sharaɗin mutum bai ƙara yawan cikakken kitsen da yake ci ba. Ban da wannan, kamar kowane mai, yana taimakon jiki wajen shan bitamin A da D da E da K daga abinci.

Wajen girki kuwa, na gani da idona, domin ni na taya Inna gwada shi. Launinsa fatsi-fatsi ne, garai-garai, ga wani ɗan ƙamshi kamar na man shanu sabon kaɗawa. Mun fara da wainar ƙwai, ta tashi lafiya lau ba ƙauri. Dalili shi ne yana jure zafi har wajen digiri 210 a ma'aunin Salshiyas kafin ya soma hayaƙi. Mun zuba shi ɗanye a kwaɗon zogale, ba sai an soya shi da albasa ba, domin ba shi da gafi. Mun kuma ɗiga wa Baba cokali ɗaya a kan miyar kuka a madadin man shanu, ya ci bai yi ƙorafi ba, ko da yake ya ce ba a haɗa su ba. A ƙasashen da ake nomansa suna zuba shi a salak, su soya kifi da kaza, su kuma sa shi a kek maimakon bota. Wani abin yabo shi ne yana daɗewa bai canja wari ba, in dai an rufe kwalbar an ajiye ta a inuwa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Babban cokali ɗaya nasa yana da kalori wajen 120, daidai da na kowane mai, don haka wanda ya kwarara shi da sunan magani ƙiba zai yi. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar irin waɗannan 'ya'yan itace, da sun ci sai ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Masu kiwon kare su ma su kula, domin ƙwayar tana sa karnuka amai da kasala.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da malamar tattalin gida ta sa na kwatanta shi da man gyaɗarmu, wanda kakata ke matsewa daga tunkuza da hannunta. Ashe shi ma kusan rabinsa oleyik ɗin nan ne. Cikakken kitsen da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, alhali na man ja kusan rabi ne, na man shanu kuwa ya zarce rabi. Bugu da ƙari, man gyaɗa ya fi man makadamiya bitamin E nesa ba kusa ba. Yana kuma da wani kitse mai gurbi da yawa, linoleyik, wanda jiki ke bukata amma ba ya iya yin sa da kansa, shi kuwa baƙon man ɗan kaɗan gare shi. Ashe abin nema yana cikin madafinmu, muna ta hangen na nesa.

Ranar ziyara na zayyana wa Baba duk wannan. Na ce masa man makadamiya mai ne mai kyau, ba a yi ƙarya ba, amma bai cancanci a taɓa kuɗin cefane dominsa ba. Abin da likita ke so shi ne a rage man shanu da kitsen nama, man gyaɗa kuwa zai iya tsaya masa. Na kuma roƙi Inna ta daina maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi, domin man da aka yi ta ƙonawa yakan haifar da abubuwa masu cutarwa, komai kyan asalinsa. Baba ya yi dariya ya ce kuɗin makarantar da yake biya sun fara dawowa. Inna ta ce sauran na kwalbar ta ajiye shi sai Salla.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da ba mu rabo da kwalbar mai da yaji a akwati, mu riƙa zubawa daidai wa daida, kada shinkafa da wake su yi iyo. Iyayenmu kuma, in likita ya ba da shawara a kan abinci, a daure a bi, a kuma riƙa komawa awo. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.